Taswirar Zamani a Jihar Maraɗi: A Fara Auna Burtali Kafin a Auna Gona

Gab da faɗuwar daminar bara na raka ƙanen mahaifina zaman sulhu a kan iyakar gona, a wani ƙauye da ke tsakanin Agiye da Tasawa. Abin da ake jayayya a kansa bai wuce faɗin taku goma ba, amma ya isa ya hana gidaje biyu da suka haɗa jini gaisawa har tsawon shekara biyu. Iyakar da magabata suka shata a wurin ita ce wani tsohon gawo da layin gamba da ya miƙe daga gindinsa zuwa gabas. Gawon ya faɗi, gambar ta ƙare saboda yankan zana da kiwon rani, dattawa biyun da suka san asalin maganar kuma Allah Ya yi musu rasuwa. Ana cikin musu sai wani matashi daga hukumar filaye ta ƙaramar hukumar ya fito da wayarsa, ya buɗe hoton gonakin da aka ɗauka daga sama shekarun baya, inda inuwar gawon take a fili tun yana tsaye. Kowa ya matso, har waɗanda ba sa ga maciji da juna suka sunkuya a kan waya ɗaya. Bayan an watse muna hanyar komawa gida, Baba, wato ƙanen mahaifin nawa, ya ce da ni: "Ɗana, wannan abu ya ga gawo, ya ga kunya, amma bai ga ranar da kakanka ya ara wa kakansu gefen nan ba. Da ba a sami mai faɗa ba, da hoton ya ba su abin da ba nasu ba."

Tun daga ranar nake juya wannan magana a raina, domin ina cikin masu ganin cewa taswirar zamani alheri ce ga ƙasa irin tamu, kuma ina so ta zo da wuri. Sai dai ina da ra'ayi a kan inda ya kamata a fara da ita, da kuma hannun da ya kamata ta zauna. A ganina, kafin a shiga auna gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya, wajibi ne a fara auna abin da yake na kowa, wato burtali da mashaya da makiyaya da tafki da hanyar ruwa da maƙabarta da filin makaranta. A yi awon da ƙafa, a gaban waɗanda abin ya shafa, sannan a bar kwafin aikin a inda talaka zai iya zuwa ya gani da idonsa.

Ga wanda bai saba da abin ba, tsarin da masana ke kira SIG da Faransanci, ko GIS da Ingilishi, hanya ce ta haɗa taswira da rajista a cikin kwamfuta. Duk abin da ke doron ƙasa, rijiya ce ko gidan likita ko kusurwar gona, ana ba shi lambobi biyu da ke nuna ainihin inda yake, sannan a liƙa masa bayaninsa, kamar zurfin rijiyar da shekarar da aka haƙa ta da ko tana riƙe ruwa har watan Afrilu. Ana jera bayanan hawa-hawa, hanyoyi a wani hawa, ƙauyuka a wani, tudu da kwari a wani, yadda mai aiki zai iya ɗora su a kan juna ya yi wa taswirar tambaya. Yana iya tambayar ƙauyuka nawa ne a gundumar Mayahi suka yi nisan fiye da kilomita biyar da gidan likita, ko gidaje nawa ne a Maraɗi ruwa zai ci idan gulbi ya ƙaru da mita ɗaya, kuma ya sami amsa kafin shayi ya huce, a kan aikin da a da sai an yi watanni ana yawo da mota da littafi.

Da can wannan fasaha ta manyan ƙasashe ce kawai. A Kanada aka fara gina irin wannan tsari a shekarun 1960, ƙarƙashin jagorancin Roger Tomlinson, domin ƙididdige filayen ƙasar. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, amma sai a 2008 aka saki hotunansa kyauta ga kowa. A watan Mayu na 2000 ne gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS, mai nuna wa na'ura ainihin inda take, da farar hula ke amfani da ita. Tun 2015 kuma Turai ta fara harba taurarin Sentinel-2, waɗanda suke ɗaukar hoton kowane yanki kusan duk bayan kwana biyar, su ma kyauta. Manhajar aikin taswira ta QGIS ba a biyan ko dala a kanta, taswirar OpenStreetMap da aka kafa a 2004 kuwa kowa yana iya ƙara unguwarsu a ciki. A nan gida ma ba baƙon abu ba ne, domin cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, ta daɗe tana bibiyar damina da ciyawa a ƙasashen Sahel da taimakon hotunan sama. Saboda haka hujjar cewa kayan aikin sun fi ƙarfin aljihunmu ta yi rauni ƙwarai. Abin da ya kamata a sani shi ne iyakar ganin kayan. Ɗigo ɗaya a hoton Sentinel-2 fili ne mai mita goma a tsaye mita goma a kwance, GPS ɗin wayar hannu kuma yana iya kuskure da mita uku ko biyar. Faɗin da dangina suka yi shekara biyu suna gaba a kansa yana iya ɓacewa kacokan a cikin wannan kuskure, don haka wanda ya ce waya ita kaɗai za ta raba gardamar iyaka bai taɓa tsayawa a bakin kunya ba.

Dalilin da ya sa maganar ta fi damun mu a nan shi ne matsin ƙasa. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan miliyan 3.4 a jihar Maraɗi, wato kimanin ɗaya cikin biyar na al'ummar Nijar, a kan ƙasar da ba ta kai kashi huɗu cikin ɗari na faɗin ƙasar ba, kuma tun daga lokacin ba raguwa aka yi ba. A kudancin jihar saura ta zama labari, domin babu mai gonar da zai bari ta huta. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma sha ne suke raba shi, kowa da iyalinsa. Inda ƙasa ta yi wannan ƙaranci, kowane taku yana da mai ido a kansa.

Mun kuwa taɓa ganin ranar kallon sama. Tun farkon shekarun 1980 manoman wannan jiha, tare da Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya da ya zauna a Maraɗi, suka fara barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi musu aski maimakon tumɓukewa, abin da muke kira sassabin zamani. Shekara ashirin ana wannan aiki a ƙauyuka irin su Ɗan Saga, amma duniya tana ci gaba da cewa hamada ta cinye Nijar. Sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij, wani masani ɗan ƙasar Holan, tare da masana ƴan Nijar, suka kwatanta hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka kuma sauka suka bi gonaki da ƙafa, sannan aka yarda cewa kimanin hekta miliyan biyar sun sake yin itace, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, itatuwan da aka ƙiyasta sun kai miliyan 200. Manoma ne suka yi aikin da gatarinsu da haƙurinsu. Hoton ya zama shaidar da ta sa aka daina musu, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne ga mutanen da aka saba raina ƙoƙarinsu.

Yanzu in dawo kan burtali, wanda shi ne zuciyar maganata. Gona tana da mai ita, kuma mai ita yana kwana kusa da ita. Idan maƙwabci ya ci masa kunya ɗaya, kafin azahar maigari ya ji. Burtali ba shi da wannan gata. Masu amfani da shi suna wucewa ne sau biyu a shekara, su hau arewa da farkon damina, su gangaro bayan kaka, kuma a tsakanin nan babu mai tsaye a kansa. Manomin da gonarsa ta yi masa kaɗan sai ya ƙara kunya ɗaya bana, na ɗaya gefen ya ga haka shi ma ya ƙara tasa, baɗi a sake, ba tare da wani ya ji ya yi babban laifi ba. Bayan shekara goma hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda amalanke ke gogar gero hagu da dama. Ranar da shanu suka iso suka tarar da shuka a inda suka san hanya ce, ɓarna ta zama dole, daga ɓarna sai sanda, daga sanda sai abin da ba ma fata. Wanda ya kai shekara arba'in da ɗoriya a wannan jiha bai manta da ƙauyen Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari, galibinsu mata da yaran Fulani. Duk lokacin da na ga burtali ya tsuke, wannan ranar nake tunawa.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, wadda a jiharmu ta bi ta wajen kwarin Tarka a ƙasar Dakoro, ko da yake gonaki sun daɗe da tsallake ta. A watan Maris na 1993 aka kafa ginshiƙan dokar karkara, wadda ta haifar da hukumomin filaye da mutane ke kira Kofo, tun daga matakin ƙauye har na gunduma, inda sarakuna da ma'aikata da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da cewa tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, ta kuma hana mayar da filin kiwo mallakar mutum ɗaya. Waɗannan dokoki ne da ƙasashe maƙwabta ke zuwa koyo. Abin da ya rage shi ne layin da kowa zai iya nunawa ya ce daga nan zuwa nan ne. An kafa turakun siminti a bakin wasu burtaloli, an dasa aguwa a wasu, kuma aikin ya yi amfani, sai dai turke ana iya tumɓuke shi da dare a matsar da shi, aguwa ma ana iya sare ta. Lambobin da aka ɗauka da na'ura mai kyau, a gaban maigari da arɗo da masu gonakin gefe, aka rubuta a rajista aka kuma ajiye kwafi a wurare uku, su ba a matsar da su da dare. Idan aka haɗa su da hoton sama da ke zuwa duk mako, ƙaramar hukuma za ta iya ganin inda shuka ta shiga burtali tun a watan Yuli, ta je ta yi magana da mai gonar cikin mutunci, tun shanu suna can arewa. Wannan shi ne aikin da nake ganin taswirar zamani za ta fi yi mana, kuma kuɗinsa bai kai na auna miliyoyin gonaki ba.

Akwai kuma dalili na biyu da ya sa nake tsoron a fara da gonaki, shi ne wanda Baba ya taɓo. A ƙasar Hausa haƙƙi a kan fili ba ɗaya ba ne, hawa-hawa yake. Gona guda tana iya zama ta gado ga wani, tana hannun wani bisa aro ko jingina, wani gefenta gamana ce da maigida ya yanka wa matarsa tana noma gyaɗa ko riɗi, kukar da ke tsakiyarta matan gidaje uku ne ke da al'adar tsinkar ganyenta, bayan an sanar da ranar sakin gonaki kuma makiyayi yana da damar shiga ya ci kara ya bar taki. Kwamfuta kuwa ta fi son a zana fili a rubuta suna ɗaya a ciki. Idan aka bi ta a haka, wanda sunansa ya shiga ya zama mai komai, sauran duka sun zama baƙi a inda suka gaji ci da sha. Mata ne za su fara faɗuwa, domin a kudancin jihar tuni matsin ƙasa ya sa gamana tana ƙwacewa daga hannunsu, kuma ba su ne ke zuwa zaure ranar da masu awo suka iso ba. Makiyayi ne zai bi bayansu, saboda hoton da aka ɗauka a watan Maris a Gulbin Kaba ko a dajin Dakoro zai nuna fili fetal babu kowa, mai neman ƙasa daga birni kuma zai riƙe wannan hoto ya ce ga shaida, wurin ba shi da mai shi. Na'urar tana iya ɗaukar haƙƙoƙi da yawa a kan fili ɗaya idan aka tsara rajistar haka tun farko, amma sai an sami wanda ya san ƙasar ya dage a kan a yi hakan.

Ana yawan kawo misalin Ruwanda, wadda tsakanin 2009 da 2013 ta auna filaye fiye da miliyan goma da hotunan jirgin sama. Aiki ne abin yabo, amma Ruwanda gaba ɗayanta ba ta kai faɗin jihar Maraɗi ba, kuma ba ta da garkunan da ke keta ƙasa daga kan iyaka zuwa bakin hamada kamar namu. Abu biyu nake so mu ara daga gare su. Sun horar da matasan ƙauyuka suka yi awon tare da maƙwabta, sannan sun liƙa sakamakon a bainar jama'a na wani lokaci domin mai ƙorafi ya zo ya yi kafin a buga hatimi.

A cikin birni ma abin da yake na kowa shi ne ake fara ci, sai dai a nan sunansa hanyar ruwa. Tarihin Maraɗi kansa ya isa darasi, domin ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon garin daga kwarin gulbi ta sa aka hau tudu. Yau garin ya bazu ta ko'ina, ana yanka filaye ana sayarwa a cikin rani, lokacin da kwari da tudu duk ƙura ce iri ɗaya a idon mai saye. Magidanci ya tara kuɗin shekara goma ya gina ɗaki biyu, sai watan Agusta ya nuna masa cewa a bakin kwazazzabo ya gina. Daminar 2024 ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jiharmu kuma tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ruwan sama ikon Allah ne, ba mu da ta cewa a kansa, amma inda zai gangara idan ya sauka abu ne da ake iya aunawa. Ƙaramin jirgi marar matuƙi yana iya ɗaukar hoton unguwa guda cikin yini, a fitar da taswirar tudu da kwari da za ta nuna inda ruwa ke taruwa da inda yake bi. Ina ganin bai kamata a sake amincewa da yanka wani sabon fili a wannan gari ba sai an ɗora tsarin yankan a kan irin wannan taswira, an kuma nuna wa masu saye. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, ta madatsar Jibiya, ya ratsa ƙasar Madarunfa da Jiratawa kafin ya iso mu, don haka taswirar ruwan da ta tsaya a Ɗan Isa, bakin iyaka, rabin taswira ce, dole masananmu su yi musayar bayanai da na Katsina. Haka nan layin dogon da aka aza harsashinsa a 2021 daga Kano zuwa nan zai ɗaga darajar filayen da ke kan hanyarsa, kuma na tabbata masu ido da kuɗi sun riga talakawa sanin haka.

Sai maganar wanda zai riƙe taswirar, wadda nake ɗauka da muhimmanci daidai da ta burtali. A 2013, lokacin da Kotun Duniya ta yanke hukunci a kan iyakar Nijar da Burkina Faso, abin da ƙasashen biyu suka amince a dogara da shi shi ne wata takardar gwamnan mulkin mallaka ta 1927, inda ta gaza kuma a koma ga taswirar da cibiyar taswira ta Faransa ta buga a 1960. Shekara hamsin da ɗoriya bayan samun ƴancin kai, alƙalamin wani ne ya faɗa mana inda ƙasarmu ta tsaya. Wanda ya zana taswira yau, maganarsa za a ji bayan ya mutu. Na taɓa ganin wani aikin taimako ya zo yankinmu ya yi watanni yana ɗaukar lambobin rijiyoyi da fanfuna, ƙauye bayan ƙauye, mutane suka bar aikinsu suna raka su. Da wa'adin aikin ya cika, bayanan suka tafi a cikin kwamfutar ƙwararren da ya jagorance shi. Bayan shekara uku wasu suka zo da sabuwar mota suna tambayar rijiyoyin nan dai, tun daga farko. Abin ya ba ni takaici sosai, domin kuɗin awo na biyu ya isa gyara fanfuna da dama daga cikin waɗanda ake ƙirgawa.

Maganin wannan yana hannun hukumominmu. Duk wanda zai yi aikin taswira a wannan ƙasa, ɗan gida ne ko baƙo, a rubuta a cikin yarjejeniyarsa cewa sai ya ajiye cikakken kwafi a cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, da ƙaramar hukumar da ya yi aiki a cikinta, a sigar da kowace manhaja ke iya buɗewa ba sai an sayi lasisi ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin gari tana yaye ɗaliban noma da muhalli, cibiyar binciken noma ta INRAN tana Tarna, don haka ba mu da uzurin cewa babu wanda zai koya ko zai riƙe. Abin da ya fi wuya shi ne na yau da kullum, wanda masu ba da tallafi ba su cika son biya ba: albashin ma'aikaci ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, farantin hasken rana da zai riƙe kwamfutarsa, da man babur ɗin da zai kai shi daji. Taswirar da ba a sabuntawa tana tsufa da sauri, domin a cikin damina ɗaya ana raba gado, ana sayar da gona, gulbi yana sauya hanya. Kuma kada a tsaya ga kwamfuta. A buga taswirar kowane yanki a babbar takarda, a liƙa ɗaya a ma'aikatar magajin gari, ɗaya a zauren sarki, ɗaya a hannun shugabannin makiyaya, da sunayen wurare yadda masu wurin ke faɗar su da Hausa da Fulatanci da Buzanci, da boko da ajami.

Batun sunaye ba ƙarami ba ne. Muna da Sabon Gari da Gidan wane da Garin wane barkatai, wasu sunansu ɗaya a gunduma ɗaya, ga rugage da tungaye da ba su taɓa shiga kowace rajista ba. Maƙwabtanmu na arewacin Najeriya sun ga tasirin wannan a yaƙi da shan inna. Da suka bar taswirar da ake zanawa da hannu suka koma ga hotunan sama da wayoyin da ke nuna inda masu rigakafi suka taka, sai aka gano ƙauyuka da dama da ba a taɓa kai musu ɗigon maganin ba, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka taimaka har aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a watan Agusta na 2020. Rugar da ba ta kan taswira ba a lissafa ta ranar rabon gidan sauro ko ranar zaɓen wurin haƙa rijiya.

Na san akwai masu fargaba, kuma fargabarsu tana da tushe. A yankunan Madarunfa da Gidan Runji, inda ɓarayin shanu da masu satar mutane suka addabi jama'a, taswirar da ke nuna gidan wane da yawan garkensa makami ce a hannun mugu. Don haka dole a bambanta abin da za a baza da abin da za a kulle. Hanya da burtali da kwarin ruwa da wurin makaranta kowa ya gani. Sunan mutum da dukiyarsa kuwa su tsaya a rajistar hukuma, ƙarƙashin dokar kare bayanan mutane ta Nijar. Wasu kuma suna cewa mai fama da abin da zai ci ba taswira ce damuwarsa ba. Ina girmama wannan magana, har ma zan ƙara mata ƙarfi da abin da ya faru a 2005, lokacin da tamowa ta fi galabaitar da yara a nan Maraɗi, jihar da ake kira rumbun ƙasa, alhali akwai hatsi a kasuwa, farashin tiya ne ya fi ƙarfin magidanci. Hoton sama yana nuna korayen gonaki, ba ya nuna bashin da aka ci a kan geron tun yana tsaye. Abin da na fahimta daga wannan shi ne a ɗora farashin kasuwa da rajistar gidajen likita a kan taswirar tare da ruwan sama da ciyawa, kuma a riƙa sauraron wanda ke zaune a wurin. Burtalin da aka tsare kuwa, da gidan da aka hana ginawa a kan hanyar ruwa, kai tsaye suke taɓa abincin talaka.

A ranar sulhun nan, bayan dattawa sun tabbatar da maganar aron, ɓangarorin biyu sun amince, matashin ya bi sabuwar iyakar yana ɗaukar lambobi kusurwa bayan kusurwa, Baba kuma ya nace sai da aka rubuta a takardar cewa gefen gabas aro ne tun zamanin kakanni, ana ci gaba da noma shi bisa yarda. A bayan gonakin akwai burtalin da ke gangarawa tafki, wanda na sani tun ina yaro garke biyu suna iya giftawa a cikinsa ba su haɗu ba. Na taka shi a ranar, na sami taku tara a inda ya fi tsukewa. Na tambayi matashin ko an taɓa ɗaukar lambobinsa, ya ce a'a, domin su suna fita ne idan an kawo ƙara, kuma har yau babu wanda ya kawo ƙara a kan burtalin.